Bayan Dawowa Daga Fagen Daga: Wa Ke Magana Da Yawun Soja Da Iyalinsa?

Tun daga watan Yulin 2009, lokacin da rikicin Boko Haram ya ɓarke a Bauchi da Maiduguri, Nijeriya ba ta huta da tura 'ya'yanta fagen daga ba, har sunayen rundunonin yaƙin, irin su Lafiya Dole da aka kafa a 2015, da Haɗin Kai da ta maye gurbinta a 2021, da Hadarin Daji ta arewa maso yamma, suka zama abin da duk mai sauraron rediyo ya haddace. Labarin tafiya kowa yana jin sa, haka ma labarin artabu da adadin waɗanda suka kwanta dama, amma labarin dawowa ba safai yake wuce ƙofar bariki ba, alhali a wajen sojan da iyalinsa dawowar ce take cinye sauran rayuwa baki ɗaya. Hausawa suna kiran tsofaffin sojoji 'yan mazan jiya, sunan da yake kawo wa mutum hoton dattijo mai furfura da lambobin yabo a ƙirji, sai dai wanda yake dawowa yau daga dajin Sambisa ko tsibiran Tafkin Chadi ko dazuzzukan Zamfara galibi matashi ne da bai wuce shekara talatin da 'yan kai ba, yana da mata da ƙananan yara, yana da iyaye a ƙauye da suke jiran abin da zai aiko musu ƙarshen wata, kuma yana da shekaru masu yawa a gabansa waɗanda zai yi su tare da abin da yaƙin ya bar masa a jiki da zuciya.

Abu na farko da ya kamata a fahimta game da wannan mutum shi ne, muddin yana cikin kaki, ba shi da bakin kuka a bainar jama'a. Malamin makaranta ko likita ko ma'aikacin jinya, idan aka riƙe masa haƙƙi, yana da ƙungiyar ƙwadago da za ta yi barazanar yajin aiki, amma soja ba ya shiga irin wannan ƙungiya, kuma dokar soja ta ɗauki haɗa baki don bijire wa umarni a matsayin bore, laifin da kotun soja take yanke wa hukunci mai tsanani. Akwai hujja mai ƙarfi ga wannan doka, domin rundunar da kowa zai ajiye bindiga ranar da ransa ya ɓaci ba za ta iya tsare ƙasa ba, sai dai nauyinta a kan ƙaramin soja yake sauka. A watan Yulin 2008 wasu sojoji da suka dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a Laberiya sun tare hanya a Akure suna neman cikon alawus ɗinsu, aka gurfanar da su, a 2009 kotun soja ta yanke wa 27 daga cikinsu ɗaurin rai da rai, kuma sai da lauyoyi da 'yan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam suka dage kafin aka sassauta hukuncin. Wannan ne ya sa fafutukar kare haƙƙin soja, wato bin kadin abin da doka ta ba shi da kuma neman a gyara dokar a inda ta gaza, ta rataya a wuyan waɗanda suke da bakin magana: tsofaffin sojojin da suka tuɓe kaki, da matan sojoji, da lauyoyi da 'yan majalisa da malaman addini, da sauran jama'ar da ake yaƙin domin su yi barci da ido biyu a rufe.

Tarihin wannan yanki ya nuna cewa haƙƙin sojan da ya dawo bai taɓa zuwa hannunsa cikin ruwan sanyi ba. Alaƙar Hausawa da aikin soja irin na zamani tsohuwa ce, domin rundunar Nijeriya tana danganta asalinta da 'yar ƙaramar rundunar da Laftanar John Glover ya haɗa a 1863, wadda aka fi sani da Hausawan Glover, kuma Hausa ta daɗe tana zama harshen ba da umarni a bariki. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanni suke kira yaƙin Hitila, Ingila ta kwashi kimanin mutum 90,000 daga Afirka ta Yamma, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya, ta kai su Indiya da Bama, akasarinsu cikin runduna ta 81 da ta 82, inda suka gwabza da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan har zuwa 1945. Sawun wannan tafiya yana nan a sunayen barikoki, domin Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Chindit a Zariya, da Dodan da Myohaung da Arakan a Legas, duk daga yaƙin Bama aka samo su. Sunayen sun tsira, amma mutanen da suka sa aka san su, da yawansu sun dawo sun tarar aikin da suka sa rai babu shi, kuɗin sallamar kuma bai taka kara ya karya ba, kuma takardun gwamnatin Birtaniya da 'yan jarida suka tono a 2019 sun nuna cewa abin da aka biya ƙaramin soja baƙar fata kusan kashi ɗaya cikin uku ne na abin da Bature mai irin muƙaminsa ya karɓa. Wannan shi ne cin moriyar ganga a ya da kwaurenta.

Inda suka tashi neman haƙƙin kuwa, wani lokaci harsashi ne ya tarye su. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano cikin lumana a birnin Akra domin miƙa takardar koke ga gwamnan mulkin mallaka a fadar Christiansborg, aka buɗe musu wuta, aka kashe Saja Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey, tarzomar da ta biyo baya kuma ta zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka gaggauta samun 'yancin Gana a 1957. A ɓangaren Faransa abin ya fi muni, domin ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, rundunar Faransa ta harbe sojojin Afirka da suka dawo daga zaman fursunan yaƙi a hannun Jamusawa saboda sun nemi a biya su albashin da suke bi. Hukuma ta amsa mutum 35 a lokacin, masana tarihi da dama suna ganin adadin ya ninka haka nesa ba kusa ba, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya kira abin da sunansa na kisan kiyashi. Daga baya, a dokar kasafin kuɗi ta Disamba 1959, Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinta na ƙasashen da suke karɓar 'yanci, ciki har da Nijar, ma'ana ta tsayar da kuɗin a inda yake yayin da na Faransawa ya ci gaba da ƙaruwa shekara bayan shekara. Wani tsohon saja ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun gudanarwa ta Faransa ta ba shi gaskiya a 2001 bayan ya riga ya rasu, kuma ba a daidaita kuɗin gaba ɗaya ba sai daga farkon 2011, lokacin da mafi yawan masu haƙƙin suka daɗe da shiga ƙasa.

Nijeriya mai 'yanci ta gina nata tsarin a hankali. A 1964 aka kafa Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji ta Ƙasa bisa doka, Yaƙin Basasa kuma ya kumbura rundunar daga kimanin mutum 10,000 zuwa kusan 250,000 a 1970, abin da ya bar ƙasar da ɗimbin masu rauni da waɗanda ba su san wata sana'a ba sai bindiga. Daga nan aka samu cibiyar Oshodi a Legas, wadda a yau take koyar da sana'o'i ga sojojin da suke dab da ritaya, aka mayar da ranar tunawa da 'yan mazan jiya daga 11 ga Nuwamba zuwa 15 ga Janairu, ranar da Yaƙin Basasa ya ƙare, akwai kuma Hukumar Fanshon Soja a Abuja, da kamfanin inshorar lafiya na Ma'aikatar Tsaro, da manyan asibitocin soja irin su Asibitin 44 na Kaduna. A 2011 aka cire sojoji daga tsarin fansho na karo-karo aka mayar da biyan fanshonsu kacokan a wuyan gwamnati. Dole a yarda an samu ci gaba idan aka tuna farkon shekarun 2000, lokacin da tsofaffin sojoji suke kwana a titunan Abuja suna jiran tantancewa, amma ganin yadda har a 'yan shekarun nan suke shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Tsaro da Ma'aikatar Kuɗi suna neman bashin alawus ya isa shaida cewa tsarin bai kai inda ake so ba. Matsala mafi girma ita ce an gina shi ne da tunanin dattijon da ya kammala shekarun aikinsa lafiya, ba da tunanin matashin da aka ɗauko daga Marte ko Malam Fatori a kan gadon ɗaukar majinyata ba.

Raunin da ake gani da ido ma ba a cika fahimtar tsawonsa ba. Makamin da ya fi nakasa sojoji a yaƙin sunƙuru irin na arewa maso gabas shi ne bam ɗin da ake haɗawa da hannu a binne a hanya, wanda yake cire ƙafa ko hannu, ya fasa dodon kunne, wani lokaci kuma ƙarfin fashewarsa ya girgiza ƙwaƙwalwa ba tare da an ga ko ɗigon jini ba, sai daga baya mutum ya riƙa fama da ciwon kai da mantuwa da saurin fushi. Jama'a sukan ɗauka idan aka ba wanda aka yanke wa ƙafa ƙafar roba an gama da shi, amma dungulmin ƙafar yana ramewa yana canza siffa a watannin farko, mazaunin da ake zura shi ciki sai ya yi masa yawa, ya riƙa gogar fata har ta ɗaye ta zama gyambo, musamman a lokacin zafi da gumi, kuma ita kanta ƙafar tana lalacewa ne cikin shekara uku zuwa biyar. Ke nan wanda ya rasa ƙafa yana ɗan shekara 28 zai buƙaci kusan ƙafa goma kafin ya tsufa, da gyare-gyare a tsakani, da kuɗin mota zuwa garin da masu wannan sana'a suke. Kyautar da ake miƙawa sau ɗaya a gaban masu ɗaukar hoto tana da ladanta, amma abin da wannan mutum yake buƙata shi ne haƙƙi rubutacce da zai iya nema duk lokacin da ƙafar ta lalace, ba tare da ya nemi alfarmar kowa ba.

Raunin da ba a gani ya fi wannan wuyar sha'ani, kuma a nan ne iyali suka fi jin jiki. Likitoci suna kiran sa ciwon firgicin bayan tashin hankali, suna taƙaita sunansa da haruffan PTSD, kuma yana nufin halin da ƙwaƙwalwa take ci gaba da zama cikin shirin ko-ta-kwana bayan haɗarin ya wuce. Mai ciwon yakan riƙa ganin abin da ya faru yana dawo masa a mafarki ko a farke, yakan guje wa duk abin da zai tuna masa da shi, yakan janye jikinsa daga mutane, barci kuma ya ƙaurace masa, sai alamun sun wuce wata guda suna hana shi tafiyar da rayuwarsa kafin a ce ciwo ne, kuma suna iya ɓoyewa na watanni kafin su bayyana. A ɗakin bariki abin yakan zo da sura mai sauƙin ganewa ga wanda ya sani: maigida ba ya zama sai bayansa yana jikin bango fuskarsa tana kallon ƙofa, salansar babur ta yi ƙara ya zabura ya kwanta a ƙasa, yaro ya taɓa shi yana barci ya damƙe wuyansa kafin ya farka ya gane ɗansa ne, ƙaurin nama a wajen mai tsire ya tayar masa da zuciya. Matar da take kwana da shi ita ce ta fara sani, ita ce take koya wa yara tafiya da sanɗa da rufe ƙofa a hankali, ita ce kuma take ɓoye kumburin fuskarta ga maƙwabta saboda kunya da tsoron kada a ce mijinta ya taɓu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ita wannan matar ba a cika tambayar ta ba.

Wajibi ne a faɗi cewa mafi yawan waɗanda suka je yaƙi ba sa kamuwa da wannan ciwo, domin cusa wa jama'a tsoron duk wanda ya dawo daga daga wani zalunci ne na daban. Wanda ya kamu kuwa bai kamu don ragwanci ko raunin imani ba, kuma ciwon yana da magani, wanda ginshiƙinsa shi ne zama da ƙwararre a bi abin da ya faru daki-daki har ƙwaƙwalwa ta mayar da shi cikin abubuwan da suka wuce, wani lokaci a haɗa da ƙwayoyin magani. A ƙasar Hausa dangi sukan fara zargin iska ko sammu, a tafi wajen malami a yi ruƙiyya, a gidan Kirista kuma a kai shi wajen fasto, kuma babu mai hankalin da zai raina addu'a ga mai jinya, amma malamin da ya san abin da yake yi zai yi addu'ar sannan ya ce a wuce asibiti. Haɗarin jinkiri shi ne majinyacin yakan nemi magani da kansa wajen tiramadol ko kodin ko wiwi ko giya, kuma tun da mutum ne mai riƙe da makami, an sha jin labarin soja ya buɗe wa abokan aikinsa wuta sannan ya kashe kansa. Abin da yake hana da yawa zuwa asibiti shi ne tsoron kada maganar ta shiga fayil ta hana ƙarin girma, saboda haka sirri tsakanin likita da majinyaci a nan ba ado ba ne, shi ne sharaɗin da zai sa a zo. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga al'umma fiye da miliyan 200, manyan asibitocin wannan fanni a arewa kuma, irin su na Kaduna da Maiduguri da Kware a jihar Sakkwato, suna ɗauke da nauyin farar hula tun kafin na soja.

Daɗewa a bakin daga ba tare da canji ba yana ƙara wa wannan ciwo ƙarfi, kuma shi ne kukan da aka fi ji daga ƙananan sojoji, har ya kai ga wasu sun yi harbi sama a filin jirgin saman Maiduguri a watan Agustan 2018 da aka nemi sake tura su gaba bayan sun shekara da shekaru a yankin. Ƙayyade wa'adin zama a daga da mutunta shi magani ne na rigakafi, kuma ya fi kowane asibiti araha.

Sai kuma iyalin wanda bai dawo ba, wanda lamarinsa yakan ta'allaƙa da takarda guda da aka cike shekaru da yawa kafin mutuwar. Kurtu yakan shiga makarantar horon ƙananan sojoji ta Zariya yana ɗan shekara 18 zuwa 22, bai yi aure ba, idan aka miƙa masa takardar da ake rubuta magaji, wato mutumin da hukuma za ta nema idan ya mutu, sai ya rubuta mahaifinsa ko wansa. Shekara goma su wuce, ya yi aure ya haifi 'ya'ya uku, amma bai koma ya gyara takardar ba, ko don mantuwa ko don ganin abin kamar kiran mutuwa ne. Ranar da ta Allah ta kasance, ofis da wanda yake kan takarda zai yi mu'amala, ita kuwa matar tana cikin takaba ta wata huɗu da kwana goma, lokacin da ba ta da sukunin zirga-zirga tsakanin ofisoshi, albashi ya tsaya, wa'adin barin gidan bariki yana matsowa, kuɗin makarantar yara kuma ba ya jira. Idan magajin mai tsoron Allah ne, ya karɓa ya kai gaban alƙali ko malami a raba, mata ta samu tumuninta, wato kashi ɗaya cikin takwas idan akwai 'ya'ya, iyaye su samu nasu, marayu su samu mafi tsoka. Idan ba haka ba, haƙƙin marayu yakan narke a hannun baffa, kuma wannan ba laifin gwamnati ba ne, laifin dangi ne, kuma wajibi ne masu wa'azi su riƙa kiran sa da sunansa na cin dukiyar maraya.

Wadda ta fi kowa shiga tsaka mai wuya ita ce matar wanda aka ce ya ɓace a fagen fama, babu gawa, babu takardar shaidar mutuwa, ita ba mai takaba ba kuma ba mai miji a gida ba, ba za ta karɓi haƙƙin mamaci ba, ba kuma za ta yi wani aure ba sai alƙali ya yanke hukunci. Mafi ƙarancin abin da take bin rundunar shi ne labari na gaskiya a kan lokaci, daga bakin jami'in da aka aiko takanas, kafin ta tsinci hoton mijinta a Facebook.

An ga yadda abin yake kyau idan hukuma ta so. Da aka kashe hafsoshi da sojoji 17 a Okuama ta jihar Delta a watan Maris 2024, Shugaba Bola Tinubu ya halarci jana'izarsu a Abuja, ya ba su lambobin girma, ya yi wa iyalansu alkawarin gidaje da tallafin karatun 'ya'yansu, ya kuma umarci a biya haƙƙinsu cikin kwana 90. Wannan daidai ne, sai dai jinin wanda ya faɗi shi kaɗai a wani lungu na Zamfara, ba tare da labarinsa ya shiga jarida ba, bai fi nasu araha ba, kuma abin da masu fafutuka ya kamata su nema shi ne wannan kwana 90 ya zama doka ga kowa, da hukunci ga jami'in da ya saɓa. Tunanin ba baƙo ba ne ga Musulmi, domin tun zamanin Halifa Umar ɗan Khaɗɗabi aka kafa diwani, wato rajistar da ake rubuta mayaƙa da iyalansu ana yanka musu rabo daga baitulmali, ta yadda abin ya zama haƙƙi sananne maimakon kyautar da ta dogara ga son ran shugaba.

A ƙasashen da ake yaba tsarinsu ma, matsin lamba ne ya haifar da shi. A 1932 sojojin Amurka ne suka tarwatsa sansanin tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya da suka tare a Washington suna neman kuɗinsu, kuma tunawa da wannan abin kunya yana cikin abin da ya sa aka yi dokar 1944 wadda ta biya wa miliyoyin masu dawowa kuɗin karatu da lamunin gida. Shi kansa ciwon firgicin sai a 1980 ya shiga littafin cututtuka na likitocin ƙwaƙwalwar Amurka, bayan tsofaffin sojojin Biyetnam da likitocin da suka tsaya musu sun yi shekaru suna dagewa. Waɗanda suka dawo daga Iraƙi da Afganistan sun kafa ƙungiyoyinsu, suka samo sabuwar dokar karatu a 2008, da dokar 2010 da ta tanadi alawus ga matar ko mahaifiyar da ta bar aikinta domin jinyar sojan da ya nakasa, da dokar 2022 kan cututtukan da hayaƙin ramukan ƙona shara na sansanoni ya jawo. Nijeriya ba ta da arzikin Amurka, amma dokar 2010 ta cancanci a dube ta da kyau, domin ta amince da abin da kowace bariki ta sani, cewa jinyar soja a hannun mace take, kuma aiki ne mai cin lokaci da lafiya.

Akwai dokoki a ƙasa da masu fafutuka za su iya riƙewa tun yanzu. Dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma wajabta gyara gine-ginen jama'a yadda mai keken guragu zai iya shiga, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 kuma ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta ba majinyaci haƙƙin mutunci da sirri. A 2023 Nijeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta shiga gasar Invictus ta sojojin da suka samu rauni, a birnin Düsseldorf na Jamus, inda Peacemaker Azuegbulam, wanda ya rasa ƙafa a arewa maso gabas, ya ci lambar zinare a ɗaga nauyi, kuma amfanin wannan ya wuce lambar, domin ya nuna wa na kwance a asibiti cewa akwai sauran rayuwa. Bai kamata kuma a manta da 'yan kato-da-gora ba, matasan da suka tashi a Maiduguri a 2013 suka yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da sojoji, da yawa suka mutu ko suka nakasa, alhali ba su cikin tsarin fanshon soja, zawarawansu da marayunsu kuma suna nan a unguwannin Borno.

Kowace shekara, kafin 15 ga Janairu, ana ƙaddamar da sayar da tambarin tunawa da 'yan mazan jiya, manya su yi alkawarin miliyoyi, a ranar kuma a ajiye furanni a saki farar tattabara. Haƙƙin jama'a ne su tambayi nawa aka tara, nawa aka cika daga cikin alkawuran, kuma zawarawa nawa kuɗin ya isa hannunsu, haƙƙin 'yan majalisar da suke kwamitocin tsaro ne kuma su nemi a kawo musu adadin iyalan da suke jiran biya da tsawon jiran kowannensu. Lauyoyi za su iya ware lokaci kyauta ga matan da suke bin fayil, attajirin unguwa zai iya ɗaukar tsohon soja aikin da ya wuce gadin ƙofa tun da a cikinsu akwai direbobi da makanikai da ma'aikatan jinya, limami da fasto kuma su san gidajen sojojin da suke unguwarsu su riƙa leƙawa. Wanda kuma yake da ɗa ko ƙane ko miji a cikin kaki, ya tambaye shi tun yau sunan wa yake kan takardar magajinsa, idan akwai gyara a yi shi kafin a sake tura shi daga.